Ƙahonin da ke jikin hular kwanon sojojin Jamus

Malam, ka tambayi amfanin ƙahoni biyun nan na gefen hular kwanon Jamusawa. Ba ado ba ne. A hular 1916, wadda Friedrich Schwerd ya tsara, kowane ƙaho na da rami a tsakiya don iska ta shiga. A jikinsu kuma ake rataye wani farantin ƙarfe mai kare goshi, musamman ga masu gadi a bakin ramukan da sojoji ke fakewa a fagen yaƙi. Sai dai farantin ya yi nauyi ainun, ba kowa ke ɗaura shi ba.

Ni dai a ganina gwanintar hular tana ƙeya: ta sauko ta rufe kunnuwa da wuya daga ɓaraguzan bam. A samfurin 1935 aka cire ƙahonin, aka bar ƙananan ramukan iska.