Dokin tagulla ko na takarda: wanne zan saya?

Tambaya: Na je wajen wani masassaƙi a cibiyar masu sana'ar hannu ta Wadata, nan Yamai. Wani dokin tagulla da ya zuba ya kwanta mini a rai, amma kuɗinsa ya fi ƙarfina. Sai ya fiddo takarda mai hoton doki da baƙar tawada, ya ce da hannunsa ya buga ta, jika 30. Maigidana ya ce fotokofi ce kawai. In saya?
Wata malama, unguwar Yantala

Malama, kafin ki zaro ko dala, ki roƙe shi ya nuna miki allon da ya buga ta da shi. In aikin gaskiya ne, zai ɗauko miki katako ko lino (irin shimfiɗar daɓe mai taushin yanka) wanda ya ƙwaƙule da ƙarfen sassaƙa, tawada ta bushe a jikinsa. Ki aza shi kusa da takardar. In dokin takarda yana duban dama, na allo zai dubi hagu, kamar yadda mai yanka hatimi yake juya haruffa. Sannan ki karkata takardar wajen haske. Tawadar bugun hannu tana zama bisa takarda da ɗan kauri, wani wuri ma ba ta kama sosai ba. Ta inji kuwa sumul take, ko'ina ɗaya.

Abin da nake so maigida ya gane shi ne, wannan takarda ba hoton dokin tagullar ba ce. Ita ma sassaƙa ce. Duk farin da kike gani a jikinta, wurin da masassaƙin ya yanke a allon ya zubar ne, abin da ya bari a tsaye shi ya ɗauki tawada. Hannun da ya saba da auna tudu da kwari shi ya yi wannan yankan, shi ya sa bugun masassaƙa yakan fito da nauyi, har ki ji kamar ki zagaya bayan dokin. Bruce Onobrakpeya na Najeriya, wanda aka haifa a 1932 ya kuma yi karatun zane a Zariya, tun shekarun 1960 ya ƙi zubar da tsofaffin allunan linonsa. Ya riƙa haɗa su yana shafa musu launin tagulla, suka zama aikin bango mai tudu. Elizabeth Catlett, Ba'amurkiya da ta zauna a Meziko, ita ma ta riƙe sana'o'in biyu, sassaƙa da bugun takarda, tsawon rayuwarta.

Bambancin kuɗin kuma yana da dalili. Dokin tagulla da kakin zuma ake fara siffanta shi, a lulluɓe da yumɓu, a narkar da kakin, a zuba ƙarfe, sannan a fasa yumɓun. Kowane doki sai an sake sabon aiki. Allo guda kuwa zai ba da takardu da yawa. In kin ga allon da idonki, kuma dokin takardar ya burge ki shi kansa, ba don kin rasa na tagulla ba, ki saya.

Tambaya: An kawo mini tsarabar irin wannan bugu, a ƙasansa an rubuta 4/25 da fensir. Mene ne nufinsa, kuma yaya zan adana shi?
Wani ɗan kasuwa, Tawa

Alhaji, guda 25 aka buga, naka ne na huɗu, kuma mai aikin ya yi alkawari ke nan ba zai ƙara a kansu ba. In ka ga E.A. maimakon lamba, cikin waɗanda ya ware wa kansa ne. Na huɗu bai fi na ashirin daraja ba, kada wani ya ƙara maka kuɗi a kan haka.

Ka sa a yi masa gilashi, amma da kwali tsakani don kada takardar ta manne idan damina ta kawo laima. A liƙe bayansa sosai saboda ƙurar hunturu, kada a taɓa takardar kanta da gam ko salatif. Ka rataye shi a bangon da rana ba ta bugu, kana ɗaga shi lokaci-lokaci ka duba ko gara ta fara hanya.