Tafiya da yara ana tsakiyar zangon karatu: tambayoyinku da amsoshinsu

Tambaya: Assalamu alaikum. Za a yi bikin ƙanwar maigidana a Maiduguri, mu kuma muna Kano. Muna so mu haɗa da ziyarar dangi mu yi kamar kwana goma, amma makaranta ba ta yi hutu ba. Yarana biyu, macen tana aji ɗaya, namijin yana aji huɗu na firamare. Surukata ta ce ai yara ne ƙanana, ba abin da zai wuce su. Haka ne? (Wata uwa, Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya ta yi gaskiya wajen son yara su san danginsu, amma batun cewa ba abin da zai wuce su akwai gyara. Ƙaramar ce ma ta fi shiga haɗari. A aji ɗaya ake koyon sautin haruffa da haɗa su su zama kalma, kuma darasin wannan makon a kan na makon jiya yake zaune. Idan aka koyar da haruffa uku ko huɗu ba ta nan, za ta dawo ta tarar ana karanta kalmomin da aka gina da su. Yaro mai shekara shida ba zai ce bai gane ba. Shiru zai yi yana bin bakin 'yan ajinsu, sai a ƙarshen zango a ga abin a sakamako. Yayan nata ya iya karatu, zai iya kwafar abin da ya wuce shi daga littafin abokinsa. Inda za a sa masa ido shi ne lissafi, musamman idan makon ya faɗo kan sabon babi irin rabawa.

Ki fara da lissafin ranaku. In kun tashi Asabar da safe kuka dawo Lahadin mako mai zuwa, kwana tara ke nan, ranakun makaranta biyar kawai suka tafi. In kuwa kun tashi Talata kuka dawo Alhamis ta gaba, kwana ɗaya kuka ƙara amma ranakun karatu takwas ne suka salwanta.

Sannan ki je wajen hedimasta da takarda a rubuce, aƙalla mako biyu kafin tafiya, ki faɗi ranar tafiya da ta dawowa. Ki tambayi ranakun gwajin tsakiyar zango. A makarantu da yawa makin gwaje-gwaje da aikin gida yakan kai 30 ko 40 cikin 100, kuma ba kowane malami ne zai sake shirya wa yaro ɗaya gwaji ba. In bikin ya ci karo da gwaji ko makon bita kafin jarrabawa, shawararmu ki halarci ɗaurin aure da wuni ki dawo da su, ziyarar ta jira hutu.

Kada ki nemi a loda musu aiki, ba za a yi shi a gidan biki ba. Ki karɓi sunan darussan makon da lambar shafukan kawai. Minti ashirin bayan karin kumallo, kafin gida ya cika, ya isa: ƙaramar ta karanta miki da ƙarfi, babban ya yi lissafi biyar. Haddar Islamiyya ma a riƙa tilawarta bayan sallar asuba, don ta fi komai saurin zubewa. Don Allah kuma kada a ce wa makaranta ba su da lafiya. Yaran za su dawo da lalle da labarin biki, kuma sun ga iyayensu sun yi ƙarya.

Tambaya: Ina zaune a Manchester da iyalina. Ina so in kawo yarana biyu gida su yi mako biyu lokacin Babbar Sallah. An ce ana cin tara, gaskiya ne? (Wani magidanci, Ingila)

Amsa: Gaskiya ne, malam, matuƙar yaran sun kai shekarun karatun dole, wato daga zangon da ya biyo bayan cikarsu shekara biyar. Tun watan Agustan 2024, idan yaro ya yi fashin kwana biyar ba da izini ba cikin mako goma na karatu, ana iya aiko da takardar tara. Fam 80 ce a kan kowane yaro, kuma uwa daban uba daban, in an biya cikin kwana 21. Bayan haka ta koma fam 160. Kai da maiɗakinka da yara biyu, fam 320 ke nan, ko 640 in kun yi jinkiri. In aka maimaita cikin shekara uku, 160 ce kai tsaye, karo na uku kuwa ana iya zuwa kotu.

Doka ta yarda yaro ya zauna a gida ranar Idi, amma wannan bai haɗa da kwanakin tafiya ba, kuma shugaban makaranta ba ya ba da izini sai da uzuri na musamman. Ka nemi izinin a rubuce kafin ka sayi tikiti. In an hana, ka bari sai dogon hutun da ke farawa a ƙarshen Yuli, wanda yakan kai mako shida.