Tsakanin very da too akwai kuɗina na wata huɗu

Jiya ka tambaye ni me ya sa na soke too na sa very a takardar Turancin da ka buga wa mai sana'ar tayoyin nan, kuma me ya sa na juya maka "When you will send the goods?" Na ce ka bari sai da safe, don da na amsa a lokacin, da faɗa zan fara. Jawo benci ka zauna, kuma ka kife wayar nan.

Maganar juya tambaya ba zan ɓata yawuna a kanta ba, ɗan firamare ma ya sani. Mu a Hausa murya muke ɗagawa, ko mu sa "shin" a gaba, ko mu liƙa "ko?" a baya, magana na nan yadda take. Bature a rubuce ba ya yarda. Sai ka ɗauko 'yar kalmar nan mai rakiya, will ko is ko have ko can, ka tsallakar da ita gaban mai aikin: "When will you send the goods?" In babu ita, ka aro do, does ko did. In kuwa ka aro did, ita ta ɗauke nauyin abin da ya wuce, sai ka ce "did you receive", ba "did you received" ba, wanda kullum nake gani a allon kwamfutarka. In tambayar ta shige cikin wata magana, kamar "I want to know when you will send the goods", ta zauna ke nan, ba a juya ta. Sauran ka nema da kanka.

Too ɗin nan ce ta hana ni barci.

Lokacin ina da rumfa kusa da gidan waya a Kano, daga ni sai tafireta Olympia da takardar kabon, akwai wani alhaji dillalin fata da nake buga wa duk wasiƙunsa. Fatar jan akuyar Sakkwato yake tarawa yana tura wa wani kamfani a Ingila. Ba ya biya nan take, sai dai in rubuta a littafi, ya ce in kaya sun tafi za mu yi lissafi. Ran nan ya zo da ɗansa da ya gama sakandare, an soke biro biyu a aljihun gaba. Alhaji ya ce in gaya musu fatun sun bushe ƙwarai, babu danshi ko kaɗan. Na buga "The skins are very dry." Sai yaron ya leƙo ta kafaɗata, har ina jin numfashinsa a kunne, ya ce, "Baba, very ai ta yara ce, too ta fi ƙarfi."

Na juyo na yi masa bayani cikin mutunci. Very ƙarin nauyi ce kawai, kamar mu ce fari fat ko baƙi ƙirin. Too kuwa ƙorafi ce, abu ya wuce gona da iri har ya ɓaci. Shayi in ya zama very hot, ana hurawa ana kurɓa. In ya zama too hot, ajiye kofin ake yi. Alhaji ya dube ni, ya dubi ɗansa, ya ce, "Malam, kuɗin makaranta na biya. Buga yadda ya ce."

Ga abin da har yau nake cizon yatsa a kai: na buga. Na zare takardar, na zura sabuwa, na danna t da o da o da yatsan nan, don kada in rasa mai ba ni aiki. Fata kuwa in ta wuce kima wajen bushewa tsagewa take yi, majema ba sa son ta. Mutanen can suka karanta, suka ga mai kaya da bakinsa yana cewa kayansa sun lalace. Amsa ta zo: ko ya karya farashi ko ya riƙe abinsa. Kafin a yi wasiƙa biyu a warware zancen, sun saya a wani wuri.

Alhaji ya zo rumfata da hantsi, mutane cike, ya ce ai ni ne mai Turanci, ni na buga. Ɗan nasa ko ƙeyarsa ban gani ba. Kuɗin aikin wata huɗu da ke littafi ya ce in ɗauka a matsayin tara. Bai tsaya nan ba, ya bi 'yan fata yana cewa Turancina na bakin tasha ne, mutum uku suka janye aikinsu. Kwafin kabon ɗin farko mai very na nan cikin akwatin ƙarfen can, duk ta dafe. Shekarun baya mun haɗu da shi a wajen jana'iza, ya miƙo hannu yana murmushi kamar ba a yi komai ba. Na karɓa saboda wurin da muke.

Ku kuwa 'yan yanzu komai too ne. Too good, too fine, too much, kun kwaso a waya kuna ganin burgewa ce. A hira da abokanka ka yi ta yi, ba ruwana. A takardar kasuwanci, "your tyres are too strong" da ka rubuta kamar ka ce wa mai kaya ya rage musu ƙwari ne. In very ta yi maka kaɗan, ga extremely nan. Kada kuma ka jingina very kai tsaye da aikatau, babu "I very like", sai "I like it very much". Quite ma ka yi hattara da ita: mutumin Ingila in ya ce aikinka quite good, sau da yawa "ba laifi" yake nufi, kada ka tafi kana washe baki.

Tashi ka sake buga ta. In mai taya ya dawo ya ce lallai sai too, ka ce ya zo ya same ni, kuma ya taho da kuɗin aikin a hannu.