Ƙanena, Kada Ka Hana Yaran Nan Hausa Saboda Jarrabawar Amurka

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka na murya ya same ni ina hutun tsakar dare a asibiti, na saurare shi har sau biyu. Na yi murna da gurbin digirin digirgir da ka samu a jihar Mishigan ta Amurka, Allah ya sanya albarka, ya sa a fara a sa'a a gama lafiya. Amma rabin saƙon na ƙarshe ya ɓata mini rai. Wai abokinka ya ce maka ana yi wa 'ya'yan baƙi jarrabawar Turanci a makarantun nan, saboda haka ka kafa doka kowa ya daina Hausa a gidanka tun daga yanzu, in kuma an ba ka fom a makaranta ka rubuta Turanci kaɗai kuke yi. Kai ne na huɗu a bana da ya kawo mini wannan zance. Na gaji da maimaitawa a waya, shi ya sa na zauna na rubuta, duk wanda ya sake tambaya sai in tura masa.

Batun biza da haya da rigar sanyi ba zan taɓa ba, ka fi ni iya bincike.

Jarrabawar dai akwai ta. Ranar da ka kai yaro makarantar gwamnati, cikin takardun da za su miƙo maka akwai wata 'yar ƙarama da ba za ka ɗauke ta a bakin komai ba. A nan jihar Merilan tambayoyi uku ne a kanta: wane harshe yaron ya fara koya, wanne ya fi yi, wanne ake yi a gida. In suka ga wani harshe ban da Turanci a amsa biyu ko fiye, sai a ware yaron a gwada shi. In bai kai makin da ake so ba, a sa masa suna mai koyon Turanci, a haɗa shi da malamin ESOL, wato mai koya wa masu wani harshe Turanci, daga nan kuma duk shekara sai ya zauna babbar jarrabawa har ranar da ya ci. Tamu sunanta ACCESS, wata cibiya mai suna WIDA da ke Jami'ar Wiskonsin ce ke shirya ta, kuma Mishigan ma ita suke yi. Kalifoniya da Tekzas kowacce da tata daban. Yara sama da miliyan 5 ne ke ɗauke da wannan suna a makarantun ƙasar nan, kusan ɗaya cikin goma ke nan, mafi yawansu masu Sifaniyanci.

A 2016 na kai babbar 'yata, tana da shekara 9. Ka san yarinyar nan, ka san makarantar kuɗin da muka sa ta a Kano, inda ake cin tarar duk wanda aka kama yana Hausa a aji. Ita ke zuwa ta ɗaya a Turanci. Na cike takardar nan da gaskiyata: Hausa, Hausa, Hausa da Turanci. Matar da ke ofis ta ɗaga takardar ta ce wannan wane yare ne, ko shi ne Najeriyanci? Na haɗiye abin da ya taso mini, na yi mata bayani cewa Turanci ne harshen hukuma a ƙasarmu, da shi yarinyar ta yi karatu tun daga nazire, ga sakamakonta ma a jakata. Ko kallon takardun ba ta yi ba. Ta ce doka ce, za a gwada ta. Bayan kwanaki wasiƙa ta zo gida, wai 'yata tana mataki na 3 cikin 6. A cikin mota na karanta, na kifa kai a sitiyari na yi kuka mai isata, ina tuna kuɗin makarantar da muka yi ta biya muna hana kanmu.

Sai da na huce na gane abin da ya faru, kuma shi nake so ka gane tun kana gida. Turancin da makarantunmu suke ba yara na haddar nahawu ne, da cike gurbi, da zaɓar amsa cikin huɗu, da wasiƙa zuwa ga kawu. A nan abin da suke nema daban. Za a nuna wa yaro hoto, misali shuka biyu, ɗaya a rana ɗaya a inuwa, a ce ya bayyana abin da ya faru da dalilinsa, a rubuce, da jimloli masu bin juna. Jarrabawar kashi huɗu ce, saurare da magana da karatu da rubutu. Karatu da rubutu kowanne kashi 35 cikin ɗari yake ɗauka, saurare da magana 15 kowanne. Kunnen yaro ba ya daɗewa yake sabawa da yadda suke haɗiye haruffa, wata uku ya isa. Rubutun ne ke riƙe yara shekara da shekaru. Masu bincike sun daɗe da cewa Turancin wasa da hira yana zuwa cikin shekara ɗaya ko biyu, amma na aji, wanda ake bayanin kimiyya da tarihi da shi, yakan ɗauki shekara 5 zuwa 7.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na magana. Ba mutum ne ke tambayar yaro ba, sai dai 'yan ƙananan ajin share fagen firamare. Kwamfuta ce. A sa masa abin ji a kunne mai makirufo, murya ta yi tambaya, ya danna ya yi magana ya danna. Sakamakon shekarar farko ya zo, saurare ta kai ƙololuwa, karatu ya yi kyau, magana kuwa 3 da 'yan kai. Yarinyar da ke cika mana kunne a gida! Na buɗe gwajin atisaye da suke sakawa a intanet, na zaunar da ita a teburin cin abinci, na tsaya a bayanta. Muryar ta yi doguwar tambaya. Ta sunkuyar da kai, ta faɗi kalma uku a hankali, ta danna. Na ce me ya sa kika tsaya? Ta ce, "Mama, ai na ba da amsar." Nan jikina ya yi sanyi. Mu muka koya mata. Mu muka ce yaro ba ya surutu a gaban babba, in an tambaye ka ka amsa a taƙaice, kada ka ɗaga murya. Kunyar da muke yabon yaro da ita a gida, a wannan jarrabawa ita ke cin makinsa. Wanda zai saurari muryar daga baya bai san tarbiyya ba ce, abin da ya ji kawai yake auna wa. Ka lura da babban ɗanka, shi ma haka yake, ko ni in na kira da ƙyar nake jin abin da yake faɗa.

Ga shi kuma mun faɗo a mummunan lokaci, domin a 2017 aka tsaurara ma'aunin makin, yara da yawa suka ga sakamakonsu ya yi ƙasa. A jiharmu sai yaro ya sami 4.5 a jimla ake sallamarsa. Kowace jiha ita ke yanka nata, don haka ranar farko ka tambayi na Mishigan ka rubuta a littafinka. 'Yata ta yi ta shawagi a ƙasa da shi kaɗan, sai a 2019 ta haye. Shekara uku.

Kada ka ce ai ba komai, ƙarin darasi ne. Akwai abin da ake biya. Ana fitar da yaro daga aji a kai shi wani ɗaki, abokansa na kallo, abin da aka koyar a bayansa kuma ya wuce shi. Da ta shiga ƙaramar sakandare, wani malami ya ƙi sa ta a ajin lissafi na masu hazaƙa, ya ce a bari Turancinta ya nuna tukuna. Ina ruwan lissafi da wannan? Na tashi daga aikin dare ƙarfe bakwai na safe, ban ko cire kayan aiki ba, na wuce makarantar da takardun makinta a hannu. Sau uku ina zuwa. Na ce a gwada ta, in ta faɗi na haƙura. Aka gwada, ta ci, aka mayar da ita. Bana tana jami'a tana karatun haɗa magunguna, kuma ba na jin kunyar cewa da ƙafata da bakina na kai ta, bayan ikon Allah. Da na zauna a gida ina cewa malamai sun fi ni sani, irin yadda aka saba mana, da yanzu wani labarin ake yi.

Amma in na ce maka tsarin mugunta ne na yi ƙarya. Asalinsa ƙara ce da aka kai a madadin yaran 'yan Sin a San Faransisko, waɗanda aka zuba a aji ba su jin ko kalma ɗaya, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1974 cewa ba yaro littafi da kujera a harshen da bai sani ba bai zama ba shi ilimi ba. Maƙwabciyata 'yar Maraɗi ce, yaranta sun zo da Hausa da Faransanci, ba su san ko gaisuwar Turanci ba. Wannan shiri ne ya ɗauke su. Malamar ESOL ɗin 'yata ma mutuniyar kirki ce, ita ta koya mata tsara rubutu, har yau muna gaisawa. To kai da za ka rubuta Turanci kaɗai, 'yar autarka mai shekara 5 fa? Turancin me ta iya ban da waƙoƙin nazire? Ka hana ta taimakon da doka ta ba ta kyauta, sati biyu kuma malama ta gano da kanta, a dawo a ce uban ya yi ƙarya a takardar hukuma, kai da ke zaune a kan bizar karatu. Sannan maman yara ita za ta riƙa zuwa makaranta kana ɗakin bincike, kuma tana da haƙƙin a samo mata tafinta ba da ko sisinta ba. In ka rubuta Turanci kuke yi, da wane baki za ta nema?

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Shawarar abokin nan naka ni na riga na bi ta. Daren da wasiƙar nan ta zo, cikin fushi na rantse ƙanenta ba zai sha abin da ta sha ba. Yana da shekara 3 lokacin, bakinsa cike da Hausa, shi ke kwaikwayon mai tallan yalo yana ba mu dariya. Na hana kowa yi masa Hausa. Babansu ya yi mini magana, na ƙi ji. Da lokacin shigarsa makaranta ya yi na rubuta Turanci a duk layukan, ba a gwada shi ba, na ji kamar na ci yaƙi. Yau shekararsa 12. In Hajiya ta kira ta WhatsApp, na miƙa masa waya, sai ya ce "lafiya lau", daga nan ya juyo yana kallona in fassara. Tana yi masa wasan jika, tana ce masa mijina, yana murmushi bai san me ake cewa ba. Ranar sallar bara ta yi shiru can ta ce mini, "Ke dai kin mayar mini da jika bebe." Ba ta sake tayar da zancen ba, ni kuma har yau maganar na nan a ƙirjina. Ina ƙoƙarin gyarawa, muna yin Hausa a teburin abinci, amma harshen ya riga ya yi nauyi, yana jin kunyar kuskure. Yayarsa da aka wahalar da jarrabawa shekara uku kuwa ta fi shi rubutun Turanci, kuma ita ke hira da Hajiya awa guda suna dariya.

Saboda haka ka janye dokar nan yau, kafin yaran su fara ganin Hausa abin kunya ce. In kana son shirya su, sa su magana mai tsawo. Bayan sallar isha'i ka ce babban ya ba ka labarin yadda ake tuƙa tuwo daga ɗora tukunya har kwashewa, da dalilin kowane abu, ya yi da Hausa, gobe ya yi da Turanci. Kada ka katse shi, kada ka ce ya cika surutu. Kowa ya rubuta shafi ɗaya kullum, da kansa, ba kwafe daga allo ba. In kun iso, ka yi musu katin laburaren unguwa a satin farko, kyauta ne.

In wasiƙar ta zo, doka ta ba ka damar ƙin darasin ESOL, amma ka sani ko ka ƙi sai yaron ya ci gaba da zama jarrabawar duk shekara har ya ci. Kada ka sa hannu a komai ranar da ranka yake a ɓace. Ka nemi takardar sakamako mai kashi huɗun, ka ga inda ya rame, ka tambayi wane darasi ake fitar da shi daga ciki, ka ce ba ka yarda a taɓa lissafi ba. A lokacin sanyi ake yin ta, daga farkon shekara, lokacin da mura ke kama yara, sai ku kula da barcinsu.

Ku taho da sakamakon makarantarsu na shekara biyu da katin rigakafi, na asali, a jakar hannu. Kilishi kada ka soma, a filin jirgi za su ƙwace. Kuka da busasshiyar kuɓewa dai a ƙullo mini, ka kuma bayyana su a takardar kwastan. Watannin da suka rage ka riƙa kai yaran gidan Hajiya suna kwana, ta yi musu tatsuniya son ranta. Ka gaishe ta, ka ce zan kira ranar Juma'a in na tashi daga barci.