Anini a cikin ƙasa: amsoshin tambayoyinku kan tsofaffin maɓallan soja

Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan makon, duk a kan abu guda: maɓallan ƙarfe na kakin soja, waɗanda tsofaffinmu ke kira anini. Sunan da suke kiran ƙaramin kuɗin nan mai huji ke nan, wanda goma suke yin kobo, kuma shi ne dai sunan tauraron da ake liƙa wa hafsa a kafaɗa. Na daɗe ina tara su, shi ya sa wasu amsoshin za su yi tsawo.

Wani magini daga Bompai ya rubuto: "Malam, muna haƙa harsashin gini sai na tsinci maɓallai uku, duk sun yi kore. Ɗaya akwai hoton bishiya a jikinsa. Abokin aikina ya ce in sayi Brasso, man goge ƙarfe, wani kuma ya ce lemon tsami da toka sun isa. Wanne zan saya?"

Malam, kada ka sayi ko ɗaya. Da a ce kwanon tagulla ne na jeren ɗaki, da na ce maka lemon tsami da toka, ko jiƙon tsamiya, sun wadatar, don haka iyayenmu mata ke yi. Amma abin da ya kwana shekara tamanin ko ɗari a cikin ƙasa, fatarsa ta riga ta sauya. Koren nan mai santsi da kake gani shi ne ya zama fuskar maɓallin, kuma sau da yawa zanen da rubutun a cikinsa suke zaune. Tsami yana cinye shi ya bar maka jan ƙarfe mai ramuka kamar zanzana. Brasso kuwa kankara yake yi, kowace shafa tana tafiya da wani abu. Ina saurayi na goge wani maɓalli da kawuna ya ba ni da lemon tsami. Akwai ragowar ruwan zinariya a lungunan zanen, kafin in ankara ya bi ruwa. Har yau yana wurina, kuma duk lokacin da na ɗauko shi sai raina ya sosu.

Abin da za ka saya bai taka kara ya karya ba: tsinken sakace, burushin goge baki mai laushi irin na yara, da madubin ƙara girman rubutu. Ka bar maɓallan su bushe a inuwa kwana biyu. In ƙasar ta bushe sai ka riƙa ture ta da tsinken a hankali, kana bin layin zanen, sannan ka share da burushi. Allura da reza da soson ƙarfe, ka nisanta su. In laka ta ƙi fita, ka jiƙa auduga da tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin sola, ka ɗan dangwala. Ka tabbatar wa mai shago cewa tataccen ruwa kake so, ba asid ba, domin duka biyun "ruwan batir" ake ce musu. Ruwan rijiya, musamman mai zartsi irin na cikin gari, yana ɗauke da gishiri, shi kuwa gishiri babban abokin gabar tagulla ne.

Kore iri biyu ne, ka lura da wannan sosai. Mai duhu, mai tauri, wanda ba ya kama yatsa, lafiyayye ne, a bar shi. Amma in ka ga wani kore mai haske yana tasowa kamar gari, ka share yau bayan mako biyu ya dawo, to ciwo ne. Gishirin da ya shiga jikin ƙarfen ne ke haɗuwa da damshi yana cin sa daga ciki. Irin wannan ka ware shi daga sauran, ka ajiye shi inda babu laima ko kaɗan, ka kai shi Gidan Makama, gidan tarihi na Kano, ka nemi shawarar ma'aikatan adana kayan tarihi.

Batun bishiya: kwakwa ce alamar rundunar da Turawan Ingila suka kafa a Afirka ta Yamma, wadda Lugga ya fara haɗawa a 1897. In ka ga haruffa W.A.F.F. ko R.W.A.F.F., ita ce. Ka rubuta ranar da ka tsince su, da unguwar, da zurfin ramin, tun ba ka manta ba. Sannan ka nuna wa mai filin, don a ƙasarsa aka same su.

Wani ɗalibi daga Kabuga ya ce: "Wani dillali a Kasuwar Kurmi ya nuna mini maɓalli, ya rantse daga rigar sojan da ya shigo Kano a 1903 ya faɗo. Kuɗin da ya sa ya kusa na rabin buhun shinkafa. In saya?"

Ɗana, labarin yake sayar maka, maɓallin gyara ne. Ban ce maƙaryaci ba ne, wataƙila shi ma haka aka gaya masa. Sai dai maɓalli yana da bakin da zai yi magana, ka koma ka saurare shi.

An ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, Kanar Morland ne ya jagoranci rundunar, Sarki Alu yana kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato. A lokacin sunan rundunar W.A.F.F. kawai. Harafin R na gaba, wanda ke nuna an jingina ta ga gidan sarautar Ingila, sai a 1928 aka ƙara shi. Ka ga ke nan in akwai R a jikin maɓallin, ya yi wa labarin ƙuruciya da shekara 25 aƙalla.

Sai ka dubi kambin, in akwai. Daga farkon mulkin Sarki Edward na Bakwai har zuwa rasuwar Sarki George na Shida a 1952, kambin da ake bugawa mai kumburarren kai ne, kamar an kifa ƙwarya. Daga 1953, zamanin Sarauniya Elizabeth, sai aka koma mai lotsawa a tsakiya. Na zamanin Sarauniya Victoria, wadda ta rasu a 1901, shi ma yana da lotsawa, amma kafaɗunsa sun fi tashi. Nan ne mutane ke ruɗewa, kuma nan ne bayan maɓallin zai raba gardama. Ka juya shi. Masu ƙera su suna buga sunansu a kewayen zoben da ake ɗinkewa: Firmin na Landan, J.R. Gaunt, Smith & Wright na Birmingham, ko Buttons Ltd, wanda sai bayan cin Kano da 'yan shekaru aka kafa shi. In ka ɗaga shi ka ji ba nauyi, yana ƙyalli kamar jiya aka yi shi, to alminiyon ne, irin wanda sojan Ingila suka fara amfani da shi bayan 1950 don a huta da gogewa. In kuma mikiya ce da tauraro da rubutun Larabci "Nasrun minallah", wannan na sojan Najeriya ne bayan samun 'yancin kai.

Akwai kuma na zubi. Maƙeranmu na farin ƙarfe gwanaye ne, in ka ba su maɓalli ɗaya za su zubo maka goma. Na asali da inji aka buga shi, yawanci fuska daban baya daban aka haɗe, layukansa a tsaye suke. Na zubi dunƙule ne, zanensa a dushe, bayansa da ƙuraje, kuma wani lokaci ana ganin sawun zarto a gefe. Kada ka rikita shi da na asalin da zanensa ya siɗe saboda guga. Sojan da ya shekara goma yana goge maɓallinsa kowace safiya, tudun zanen ne zai cinye, lungunan su tsaya da kaifinsu.

Ko da duk waɗannan sun yi daidai, iyakar abin da za su nuna shi ne zamanin maɓallin. Ba za su nuna cewa ranar da aka shigo ta Ƙofar Kabuga ya faɗi ba. Mafi yawan abin da ke yawo a kasuwa gama-gari ne, mai hoton zaki da doki mai ƙaho ɗaya, wanda aka buga da yawan gaske a yaƙin duniya na farko da na biyu. Ka taya shi a matsayin tsohon maɓalli. In ya ƙi, ka yi masa sallama da mutunci. Kai da kake farawa, gara ka sayi biyar masu araha mabambanta ka koyi karanta su.

Wani matashi daga Hotoro yana tambaya ko ya sayi na'urar gano ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa, kamar yadda yake gani Turawa na yi a YouTube, ya bi gindin badala da bayan tsofaffin barikoki.

Ƙanena, ban ba ka shawara ba. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana haƙar neman kayan tarihi sai da izini, ta kuma hana fitar da su waje sai da takarda. Badala da ƙofofinta suna cikin abin da hukumar ke karewa, kuma ta riga ta sha wahala a hannun masu ɗibar ƙasa, kada mu ƙara mata. Bayan bariki kuwa, ko Bukavu ko Janguza, ba wurin da farar hula zai tsaya da na'ura yana tono ba ne. Ban da tuhuma, inda maɓalli ya faɗi harsashi ma ya faɗi, kuma tsohon harsashi ko gurneti yana iya tashi bayan shekaru masu yawa. Ga shi ƙasar Kano cike take da murfin kwalba da ƙusa da gwangwani, na'ura mai araha kuka za ta yi ta yi maka a kowane taku.

Kuɗin na'urar ka raba shi. Ka saba da 'yan jari-bola na unguwarku da masu awon tagulla a Ƙofar Ruwa, ka nuna musu hoto, ka ce in sun gani su ajiye maka, za ka biya fiye da kuɗin kilo. Abin da ke tafiya tukunyar narka a wurinsu ya fi abin da za ka tono. Garin nan ya ga sojoji iri-iri: tun 1925 jiragen sojan saman Ingila suka fara sauka a Kano, kuma a yaƙin Hitila nan ne zangon jiragen da ke tasowa daga Takoradi ta ƙasar Ghana zuwa Hartum da Alƙahira. Saboda haka kada ka yi mamaki in ka ci karo da mai tsuntsu da kambi na sojan sama, ko mai mikiyar Amurka.

Wata baiwar Allah daga Fagge ta rubuto: "Kakanmu ya je yaƙin Bama. Bayan rasuwarsa mun sami rigarsa a adaka da maɓallanta, da wasu guda shida a gwangwanin taba, da wani ƙyalle mai hoton gizo-gizo. Wani ya zo yana so ya sayi maɓallan kaɗai. Mu sayar? In ba mu sayar ba, a me za mu ajiye?"

Hajiya, Allah ya jiƙansa da rahama. Wasiƙarki ce ta fi tsaya mini a rai.

Baƙin gizo-gizo a kan ƙyalle ruwan ɗorawa alamar Runduna ta 81 ce ta Afirka ta Yamma, wadda aka kai Bama, wato ƙasar Burma, a 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu. 'Yar'uwarta ta 82 alamarta mashi biyu ne a gicciye bisa gammo, domin a dazukan can, inda mota ba ta shiga, a ka mutanenmu suka ɗauki kayan yaƙi. Abin da ke cikin adakar nan shaida ce guda ɗaya: riga, maɓalli, ƙyalle, da sunan mutumin da ya sa su. In aka yanke maɓallan, mai saye ya tafi da 'yan ƙarafa da ba su da suna, ku kuma a bar ku da rigar da aka yi wa fashi. Kuɗin da zai ba ku ba zai kai ku ƙarshen wata ba. Ni dai ina roƙonku kada ku sayar. In wata larura ta tilasta, to a sayar da komai tare, da takardar tarihinsa, kuma a fara tuntuɓar Gidan Makama.

Wajen ajiya, ki fara fitar da shidan nan daga gwangwanin, tsatsarsa tana kama su. Ki je kemis ki sayi 'yan ledojin nan masu zif da ake zuba ƙwayar magani, kowane maɓalli da tasa, da 'yar takarda mai lamba. Ki zuba su a robar abinci mai murfi da ke kamewa, ki jefa 'yan ƙunshin nan masu shan damshi da ke zuwa a kwalin sabon takalmi, ki riƙa sauya su in damina ta kama, musamman a watan Agusta. Kada a naɗe su a jarida, kada a ɗaure da robar ɗaure kuɗi, kada a shafa musu man shafawa ko baƙin mai, domin mai yana riƙe ƙurar hunturu. In kina da hali akwai wani kaki da ake kira Renaissance Wax, wanda gidajen tarihi ke amfani da shi, ana samunsa ta intanet. Shafa ɗaya siririya ta isa, kuma rashinsa ba zai cutar ba matuƙar wurin a bushe yake. Ki riƙa kama su ta gefe da wankakken hannu busasshe, gumi gishiri ne.

Rigar kada a wanke ta, kada a goge. A kakkaɓe ta a hankali, a naɗe cikin farin zanen auduga wankakke, a ɗora a sama nesa da bango da hayaƙin turare, a riƙa dubawa saboda asu da gara. Kada kuma yara su sa ta su fita, doka ba ta yarda farar hula ya sa kakin soja ba.

Sai abin da ya fi gaggawa, wanda ba ya buƙatar ko sisi. In akwai wanda ya rage cikin 'ya'yansa ko ƙannensa, ki je wurinsu wannan Juma'ar da littafi da biro, ko ki kunna rikodar wayarki. A ina aka ɗauke shi soja, shekara nawa ya yi, ta wace hanya suka dawo, su wa ya riƙa ambata cikin abokansa, wace waƙa yake yi in ya tuna can. Ki duba ƙasan adakar ko littafin sallamarsa yana nan, a ciki za ki ga lambarsa ta soja. Ki kwafe ta a takarda biyu, ɗaya a cikin robar maɓallan, ɗaya a aljihun rigar.