Da gaske an samo hanyar warkar da sikila ta gyaran ƙwayoyin gado?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa tara, SS ne. Abin da ke ɗaure min kai shi ne, da na haife shi lafiyarsa ƙalau, sai da ya kai wajen wata bakwai hannuwansa da ƙafafunsa suka fara kumbura. Yanzu kuma ina jin wai an gano yadda ake gyara jinin masu sikila su warke. Gaskiya ne? Idan aka yi masa zai koma AA, har 'ya'yansa su tsira?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba shi lafiya, ya ƙara miki haƙuri. Watanni shidan nan da kika ga yaronki lafiya lau, a cikinsu amsar tambayarki take, domin sabon maganin a kansu aka gina shi.

A cikin kowace jar ƙwayar jini akwai furotin da ake kira himogulobin, shi ke dakon iskar oksijin. Umarnin haɗa shi yana rubuce a DNA, wato rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin jikinmu, kuma a wajen mai sikila harafi ɗaya tak ne ya canza, inda ya kamata a karanta GAG sai aka samu GTG. Harafi ɗaya cikin kusan biliyan 3. Wannan ya sa da zarar himogulobin ɗin ya sauke iskar da ya ɗauko, sai ya riƙa mannewa da 'yan'uwansa, su yi dogayen sanduna masu tauri, su lanƙwasa ƙwayar ta koma kamar lauje. Ƙwayar da ya kamata ta yi kwana 120 tana aiki sai ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20, kafin ta mutu kuma ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Ciwon ƙashin da ke hana ku barci ke nan.

To amma ɗan tayi ba da wannan himogulobin yake rayuwa ba. Yana da nasa daban, wanda ya fi riƙe iska da ƙarfi don ya iya karɓarta daga jinin uwa, kuma umarnin haɗa shi yana wani gurbi da kuskuren sikila bai taɓa ba. Bayan haihuwa jiki yana rage shi sannu a hankali, yana maye gurbinsa da na manya. Lokacin da na tayi ya ja baya a jinin ɗanki, lokacin ne kumburin ya bayyana. Wata likitar yara a birnin New York, Janet Watson, ta lura da haka tun 1948. Ta ga jinin jarirai ba ya lanƙwashewa kamar na manya, ta ce himogulobin ɗin tayi ne ke kare su. Har gobe ina jinjina mata, don da madubin likita da lura kawai ta kai ga wannan.

Sai da aka yi shekara sittin kafin a san wa ke kashe himogulobin ɗin tayi bayan haihuwa. A 2008 ayarin Stuart Orkin a Boston ya nuna cewa wani furotin mai suna BCL11A shi ke danne himogulobin ɗin tayi. Matsalar ita ce ba za a iya kawar da shi gaba ɗaya ba, saboda ƙwaƙwalwa da wasu ƙwayoyin garkuwar jiki suna buƙatarsa. A 2013 aka gano wani ɗan yanki na DNA da ke kunna BCL11A a cikin ƙwayoyin da za su zama jajayen ƙwayoyin jini kaɗai. A lalata wannan yanki, BCL11A ya daina aiki a jini, himogulobin ɗin tayi ya dawo, sauran jiki bai san an yi ba. Almakashin yin wannan aiki kuwa ya riga ya samu shekara guda kafin nan, wato CRISPR-Cas9, wanda Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka bayyana a 2012, suka kuma sami kyautar Nobel a 2020. Asalinsa makamin da bakteriya ke yanka DNA ɗin ƙwayar cutar da ta kawo musu hari ne. Ana ba shi ɗan jagora mai haruffa 20, ya bi DNA har ya sami inda suka dace, ya yanka.

Maganin da kika ji labari sunansa Casgevy, da wannan almakashi yake yanka wancan yanki. Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka a Disamba. A alƙaluman da hukumar magunguna ta Amurka ta dogara da su, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla wata 12 a jere ba tare da ciwon ya yi mummunan tashi ba, alhali dukkansu mutane ne da ke shan tashinsa akai-akai. Himogulobin ɗin tayi ya kai sama da kashi 40 cikin 100 na jininsu. Don haka e, gaskiya ne, ba jita-jita ba ce.

Sai dai ba allura ba ce da za a yi a koma gida. Da farko ana ba mutum maganin da zai koro iyayen ƙwayoyin jini daga ɓargo su shigo cikin jini, na'ura ta tace su, sau da yawa sai an maimaita kafin a tara masu isa. A kai su ɗakin gwaji a yi yankan, abin da ke ɗaukar watanni. Daga nan sai mataki mafi tsanani, a ba shi busulfan, maganin cutar daji ne mai ƙarfi, ya share tsohon ɓargon don sababbin su sami wurin zama. Gashi yana zubewa, baki yana yin gyambo, garkuwar jiki tana faɗuwa ƙasa warwas, mutum ya yi makonni a killace a asibiti. Abin da ya fi damuna shi ne busulfan na iya hana haihuwa har abada, shi ya sa ake adana maniyyi ko ƙwai tun kafin a fara. Kuɗin da kamfanin da ke yin maganin ya sanya a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne, ga shi mafi yawan jariran da ake haifa da sikila a Afirka kudu da Sahara suke. Wannan giɓi yana ci min rai matuƙa. Sannan mutum na farko da aka yi wa a Amurka a 2019 ne, saboda haka shekarun da aka yi ana bibiyarsu ba su da yawa tukuna.

Batun komawa AA kuwa, a'a. Harafin sikila yana nan daram, ba a taɓa shi ba, kewaye shi aka yi. Kuma ƙwayoyin ɓargo kaɗai aka gyara, ba na maniyyi ko ƙwai ba. Duk ɗan da zai haifa zai gaji S guda daga wajensa, don haka gwajin jini kafin aure yana kansa ko da ya warke sarai.

Inda bincike ya dosa yanzu shi ne a daina fito da ƙwayoyin, a aika gyaran cikin jiki kai tsaye. Akwai sabuwar dabara da David Liu ya fito da ita a 2016, wadda ke sauya harafi ɗaya ba tare da datse DNA gida biyu ba. A 2025 likitoci a Philadelphia suka yi amfani da ita a kan wani jariri mai cutar gado ta hanta, suka naɗe kayan gyaran cikin 'yan ƙananan ɗigon kitse suka sa masa ta jijiya. Hanta tana da sauƙin samu, don abin da ya shiga jini irin wannan can yake taruwa. Ɓargo ya fi wuyar kaiwa, a nan ake ta fama.

Shi kuma ɗanki, amincewar 2023 ta masu shekara 12 zuwa sama ce. Amma akwai tsohon magani mai taɓa wannan hanya ɗin, wato hydroxyurea, wanda ke ƙara himogulobin ɗin tayi a jini. Gwajin da aka yi a kan yara a Angola, Kongo, Kenya da Uganda, aka fitar da sakamakonsa a 2019, ya nuna yana rage tashin ciwo, da yawan ƙarin jini, da mace-mace. Idan ba ya shan sa, ki tambayi likitansa ko ya dace da shi. Kada ki saya da kanki, domin ana auna shi ne da nauyin yaro, kuma dole a riƙa gwada jininsa lokaci zuwa lokaci.