Bakin mawaƙi daban, murya daban: yaudara ce ko matsalar na'ura?

Tambaya: Malam, tun zamanin kaset nake sauraron waƙoƙin kantiri na Amurka, Don Williams ne ya jawo ni. Yanzu yara sun haɗa mini intanet da talabijin, ina kallon bukukuwansu na birnin Nashbil. Abin da ke ɓata mini rai, sau da yawa bakin mawaƙi ba ya tafiya daidai da muryarsa. Abokaina sun ce duk mamin ne, faifai ake sakawa su riƙa motsa baki. Mai gyara kuma ya ce bod ɗin talabijin ɗina ne ya fara lalacewa, in kawo kuɗi ya canza. Ga shi ana gutsure waƙa, ana nuna 'yan kallo lokacin da mai jita ke tsakiyar aikinsa. Wa zan gaskata? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Alhaji, ka riƙe kuɗinka tukuna. Abokanka da mai gyaran duk sun yanke hukunci ba tare da gwajin da bai fi minti biyar ba.

Bari a fara sallamar ƙananan koke-koken, domin masoya kantiri a can Amurka ma kullum su suke yi. Bikin CMA Fest na ƙungiyar kiɗan kantiri ta Amurka (CMA), wanda ya samo asali a 1972 da sunan Fan Fair, kwana huɗu ake yi ana shagali a Nashbil cikin watan Yuni. Abin da tashar ABC ke nunawa daga baya tatacce ne na awa uku, kuma talla ta cinye kaso mai tsoka a ciki. Wanda ya yi rabin awa a dandamali, in ya samu waƙa ɗaya a talabijin ya gode. Bikin ba da kyaututtuka na CMA, wanda aka fara a 1967 aka soma nuna shi a talabijin a 1968, shi kai tsaye ake watsa shi a watan Nuwamba, wajen ƙarfe 2 na dare agogon Najeriya da Nijar. A nan agogo ne sarki, shi ya sa ake sare baiti ko a ɗinke waƙoƙi uku su zama ɗaya. Maganar kyamara kuwa ina bayanka. Darakta ya fi son fuskar tauraruwa tana tafi a sahun gaba a kan yatsun mai jitar ƙarfe, wadda ake kwantarwa ana murza ta ana taka feda, alhali kukan wannan jitar shi ne gishirin kantiri. Wannan rashin sanin darajar kiɗa ne, ba zamba ba ce.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato cewa da zarar baki ya saɓa da murya to mamin ake yi. Wannan magana ta zama ruwan dare, kowa da waya a hannu ya zama alƙali. A yanko daƙiƙa 20 na bidiyo, a zana jan da'ira a bakin mawaƙi, a rubuta "asiri ya tonu", a tura zaurukan WhatsApp. Alhali saɓanin baki da murya shi ne hujja mafi rauni a duk hujjojin da ake kafawa. Hasali ma wanda ya ƙware a mamin bakinsa daidai yake tafiya, ya haddace faifan kamar yadda ya san sunansa.

Hoto da sauti ba hanya ɗaya suke bi ba. A wurin taro kowane makirufo ana raba sautinsa gida uku: na lasifikokin zaure, na ɗan abin da mawaƙi ke maƙalawa a kunne don ya ji kansa, da na motar watsa shirye-shirye da ke ajiye a waje, inda wani injiniyan daban ke haɗa nasa sautin. Hoto kuma yana ratsa kyamarori, da na'urar sauya su, da na'urar matse shi, kafin ya hau tauraron ɗan Adam ko intanet. Sarrafa hoto ya fi sarrafa sauti cin lokaci, don haka a kowace tasha sai an riƙe sauti ya jira ɗan'uwansa. Kuskure ɗaya a wannan doguwar hanya ya isa. Kuma idon mutum ba ya yafiya. Bisa ma'aunin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, mai kallo yana fara ganewa idan sauti ya riga hoto da kimanin milisakan 45, ko ya makara da kimanin 125 (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa). A tsarinmu na hoto 25 a daƙiƙa, hoto ɗaya milisakan 40 ne. Kenan sauti ya yi gaba da hoto biyu kacal, ka riga ka tsargu.

Bidiyon da 'yan kallo ke ɗauka da waya ya fi kowanne jawo wa mawaƙa ƙazafi. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, haske kuwa nan take yake isowa. Wanda ke zaune mita 70 daga lasifika zai ji murya bayan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa da motsin baki. A filin wasa na Nissan da ke Nashbil, inda ake manyan wasannin dare na CMA Fest, wannan nisa ba komai ba ne. Sai ya zuƙo hoton da wayarsa har fuska ta cika allo, mai kallo a Kano ya ɗauka kusa yake. Daga nan bidiyon ya bi hannu goma, kowace manhaja ta sake matse shi. In ka lura tazarar tana ƙaruwa, a farko daidai, zuwa minti na biyar baki ya yi gabas murya ta yi yamma, to matsewar ce ta lalata shi. Babu mawaƙin da ke yin kuskure a hankali a hankali kamar agogo mai baya.

Ga gwajin. Ka bar kallon baki, ka kalli sandar mai ganga, domin bugu yana da kaifi, ba ya ruɗi. In ƙarar ta saɓa da saukar sanda daidai da yadda murya ta saɓa da baki, matsalar ta shafi sautin gaba ɗaya, ba ruwan mawaƙi. Sai ka jira mai gabatarwa ya yi magana, ko talla ta shigo. Shi ma bakinsa ya saɓa? To shi wane faifai yake bi? Daga nan ka sauya zuwa tashar labarai. In can lafiya lau, laifin wannan bidiyon ne ko tashar da ta watso shi. In can ma haka ne, ɓarawon yana cikin falonka.

Gyaransa ya danganta da wanda ya riga wani. In murya ke zuwa kafin baki, yawanci ka haɗa lasifika kai tsaye da dikoda, talabijin kuma tana ɓata lokaci wajen gyara hoto. Kashe saitin da ke sa motsi ya yi santsi, sannan ka nemi Audio Delay ko Lip Sync a saitin sauti, ka riƙa ƙara milisakan 10 ko 20 kana kallon mai karanta labarai har su haɗu. In kuwa murya ce ke makara, ƙara jinkiri ƙara ɓarna ne. Duba ko lasifikar ta Bluetooth ce, domin takan jinkirta sauti da milisakan 100 zuwa 300. Koma haɗa ta da kebul, ka mayar da fitar sauti kan zaɓin da aka rubuta PCM a saitin sauti. Wani lokaci cire dikoda daga wuta na minti ɗaya ma ya wadatar. Bod da ya lalace alamunsa daban ne: layuka a allo, hoto ya ɗauke, talabijin ta riƙa kashe kanta, ko sauti ya mutu ɗungurungum. Mai gyaran da ya yanke maka farashi bai taɓa rimot ba, aljihunka ya duba. Kuma a yawancin lokuta in aka kwance bayan talabijin a wajen da ba na kamfani ba, garanti ya tafi.

Ban ce ba a mamin ba. A bikin CMA na 2017 shahararren mawaƙi Garth Brooks ya yi, kuma da bakinsa ya amsa a daren bikin, ya ce muryarsa ce ta dishe saboda yawan wasanni a jere. Masoya sun yi ta ce-ce-ku-ce, wanda hakan ke nuna cewa a duniyar kantiri abin kunya ne ba al'ada ba. Abin da ya fi yawa shi ne tsaka-tsaki. Saboda mintoci kaɗan ake da su tsakanin wasa da wasa, akan naɗi wani ɓangare na kiɗa da amshi tun da wuri, mawaƙi ya ɗora muryarsa a kai a gaban jama'a. Shirin da aka naɗa aka nuna daga baya kuwa, kowane makirufo yana da layinsa a naɗin, don haka ana iya gyara gargadar murya a situdiyo, a ƙara ƙarfin tafi. Masu ƙorafi a kan wannan suna da hujja, ni ma na fi son a bar murya da ƙurarta.

Alamun mamin na gaskiya kunne ke kama su. Mawaƙi ya janye makirufo taki ɗaya daga bakinsa, ƙarfin murya bai ragu ba. Yana zagaya dandamali da gudu, babu haki ko ɗaya. Da ya tsaya gaisawa da jama'a sai ka ji wata murya daban, siririya, cike da amon zaure. In kana da faifan asali, saka su tare. In kowane jan numfashi ya faɗi wuri ɗaya, to nan ka kama.

In kana son waƙa yadda take, nemi shirin Austin City Limits na tashar PBS, wanda aka ɗauki gwajinsa na farko da mawaƙi Willie Nelson a 1974. Can ana barin mawaƙi ya kai waƙarsa ƙarshe, kyamara kuma takan tsaya a kan hannun makaɗi. Ko ka saurari shirin waƙoƙin kantiri na Grand Ole Opry, wanda gidan rediyon WSM ke watsawa tun 1925, ana samunsa a intanet. Daren Asabar ɗinsu ya yi daidai da bayan tsakar dare a wajenmu, sai ka shirya shayi.